Gidanka Naka Ne, Ko Aron Shekara 99 Ne?

Lacca ga jama'ar Gwandu da Kalgo a kan takardun filaye da ƙarewar wa'adinsu

Mun gode da kuka bar ayyukanku kuka zo, waɗansu daga Dalijan da Kambaza, waɗansu daga Diggi da Zuguru da Dangoma. Abin da ya tara mu magana ce ta gida da gona, watau maganar da ta shafi mai rawani da mai hula, ba ta bar kowa ba.

Da yawa a cikinmu suna da wata takarda da suka naɗe suka ajiye a ƙarƙashin akwati, wadda ake kira satifiket, 'yan boko kuwa suna ce mata C of O. Wanda ya same ta yakan yi murna ya ce ya mallaki filinsa har abada. To, muna roƙon kowa in ya koma gida ya buɗe ta, in ba ya karatun boko ya ba ɗansa ya karanta masa. Zai tarar an rubuta ranar da ikonsa ya fara, an kuma rubuta yawan shekarun da aka ba shi. Galibi in gidan zama ne shekara 99 ce. Tambayarmu ita ce, ranar da shekarun nan suka cika, gidan na wane ne? Wa zai sabunta takardar, da nawa, kuma in an ƙi sabuntawa ina za a kai kuka?

YADDA KAKANNINMU SUKA RIƘE ƘASA

Kafin mu amsa, bari mu koma baya kaɗan. A ƙasar nan tamu mutum yakan sami gona ko gida ta hanyoyin da kowa ya sani. Akwai gado. Akwai saran daji, watau mutum ya nemi izinin hakimi ya sare kurmin da ba na kowa ba ya mai da shi gona. Akwai kyauta, akwai saye. Sa'an nan akwai aro da haya da jingina, waɗanda kowa ya san ba mallaka ba ne, domin mai gona yana nan, ranar da ya so ko ranar da ya biya bashinsa zai karɓi abinsa.

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke nan garin Gwandu, bai bar wannan magana a baki kawai ba. Ya rubuta littafi musamman a kanta, mai suna Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin hanyoyin da mutum ke keɓanta da matacciyar ƙasa. Hukuncin malaman Malikiyya a nan sananne ne: wanda ya raya ƙasar da ba ta da mai ita, ya haƙa rijiya ko ya yi gini ko ya yi shuka, ta zama tasa, sai dai in tana kusa da gari ya nemi izinin shugaba. A cikin wannan tsari ba a yanka wa mai gida shekaru ba. Gida yakan bi jini daga kaka zuwa jika, har sai zuriya ta ƙare ko ta yi ƙaura ta bar shi ya zama kufai.

Saboda haka wa'adi baƙo ne a wurinmu. Ta ina ya shigo?

DAGA LUGGA ZUWA SOJA

A watan Maris na 1903, bayan Turawa sun ci Sakkwato, Gwamna Lugga ya tara manyan gari ya shaida musu cewa dukan ikon da sarakuna suke da shi a kan ƙasa ya koma hannun Gwamnatin Ingila, tun da yaƙi ya ba su, yaƙi kuma ya karɓe. A 1908, zamanin Gwamna Girouard, aka kafa kwamiti a birnin Landan don ya duba sha'anin filayen Nijeriya ta Arewa. Ku lura, a Landan aka zauna, ba a Gwandu ko Kano ba. Daga shawarar kwamitin nan aka yi dokar 1910, aka sake gyara ta a 1916. Dokar ta ce ƙasar Arewa duka tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa, kuma abin da mutum zai samu shi ne ikon zama, ba mallaka ba.

Muka sami mulkin kai a 1960. Mai hankali zai zaci za a mayar wa talaka abinsa. A 1962 Majalisar Jihar Arewa ta yi tata dokar filaye, sai ta ɗauke ikon daga hannun Bature ta sa a hannun Minista, sauran tsari kuwa aka bar shi kusan yadda yake. Ran 29 ga Maris 1978 Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta fito da Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta ɗauki wannan tsari na Arewa ta shimfiɗa shi a kan Nijeriya duka. Ita ce muke ƙarƙashinta har yau. An canja mai riƙe da igiya sau uku, amma akuya tana nan ɗaure a turkenta.

ABIN DA DOKAR 1978 TA CE, DA ABIN DA TA YI SHIRU A KAI

Sashe na 1 ya ce dukan ƙasar da ke cikin jiha tana hannun Gwamna, amana ce don amfanin 'yan Nijeriya. Sashe na 2 ya raba ta biyu: ƙasar birni Gwamna ke kula da ita, sauran kuwa Ƙaramar Hukuma. Sashe na 3 ya ba Gwamna ikon ya zana iyaka ya ce daga nan zuwa nan birni ne. Sashe na 6 ya yarda Ƙaramar Hukuma ta ba mutum ikon zama na gargajiya a karkara, har hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo, abin da ya wuce haka sai da yardar Gwamna. Sashe na 8 kuwa, wanda shi ne gindin maganarmu, ya ce ikon zaman da Gwamna zai bayar lalle ya kasance na ƙayyadadden lokaci.

Ga abin mamaki. Ku duba dokar nan daga farko har ƙarshe, ba za ku ga inda aka rubuta shekara 99 ba. Al'adar ofis ce da aka gada daga Turawa. Don haka ne filin kasuwanci ko na masana'anta ko na babbar gona akan ba shi shekarun da ba su kai haka ba, yadda hukumar kowace jiha ta ga dama. Abu na biyu ya fi wannan nauyi: dokar ba ta ce uffan a kan sabuntawa ba. Ba ta ce in wa'adi ya cika wajibi ne a ƙara wa mai gida ba, ba ta faɗi kuɗin da zai biya ba, ba ta faɗi lokacin da zai nema ba. Sashe na 15 ya ce gini da shukar da ke kan fili na mai takarda ne shi kaɗai, amma ya ɗaure maganar da cewa muddin wa'adinsa bai ƙare ba. Daɗin daɗawa, a cikin satifiket da yawa akwai sharaɗin da ke cewa in shekaru sun cika, mai fili zai miƙa wa Gwamna gine-ginen da ke kai cikin kyakkyawan hali. Kowa ya duba tasa ya gani ko akwai wannan layi.

Ma'aikatan filaye za su ce muku kada ku damu, ai sabuntawa ake yi. Mun ji, kuma ba mu ce ƙarya suke yi ba. Amma abin da ake yi don alheri daban, abin da doka ta tilasta daban. Alherin mai mulki yana tafiya da mai mulki. Gwamnan da zai zauna a Birnin Kebbi ranar da takardarka za ta cika, watakila ko haihuwar uwarsa ba a yi ba tukuna. Da wane baki za mu yi wa jikokinmu alkawarin halinsa?

Akwai kuma kashi na biyu na mutane, su ne mafi yawa a nan: waɗanda suke zaune a gidajen gado da gonakin gado tun kafin 29 ga Maris 1978. Sashe na 34 da na 36 sun ce su ci gaba da riƙe abinsu kamar an ba su ikon zama, ko da ba su da takarda. Dokar ba ta yanka musu shekaru ba, shi ya sa masana shari'a da yawa suke ganin ikonsu ba shi da wa'adi. To, amma ranar da irin wannan mutum ya je neman satifiket, sai a miƙo masa takarda mai shekara 99. Ya shiga ofis da gado, ya fito da abin da ya yi kama da aro. Ba muna hana ku neman takarda ba ne, domin wanda ba shi da ita yau yana cikin hatsarin da ya fi wannan kusa. Abin da muke cewa shi ne, kada takardar ofis ta sa ku yar da shaidar gado. Kotun Ƙoli da kanta, a shari'ar Ogunleye da Oni a 1990, ta nuna cewa satifiket shaida ce kawai, ba ta kashe haƙƙin wanda ya riga ya mallaki wurin.

DON ME MAGANAR TA TASO YANZU

Wani zai ce, shekara da shekaru muna zaune ba wanda ya tambaye mu takarda. Gaskiya ne, domin a da fili ba shi da tsada. Amma ku dubi abin da ya faru a idonmu. Ran 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, Birnin Kebbi ta zama hedkwata, ma'aikata suka cika gari, gari ya fara miƙe ƙafa. Aka gina filin jirgin sama a Ambursa. Aka gina babban asibiti a Kalgo. A 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, mazauninta na dindindin kuwa yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. A watan Nuwamba na 2015 nan Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya, fadamar da a da ake ba mutum aro don zumunci ta zama abin da masu kuɗi ke zuwa nema daga nesa.

Yau gonar gero da ke bakin hanyar Kalgo, gobe fuloti ce, jibi ɗakunan hayar ɗalibai. Duk inda birni ya taɓa, safiyo yana biye, dillali yana biye da safiyo. Kuma ranar da Gwamna ya sa hannu ya ce wuri kaza ya shiga birni, ikon wurin ya tashi daga Ƙaramar Hukuma ya koma hannunsa. Mutanen Kalgo sun riga sun ji zafin wannan rana. Mutanen Gwandu kada su ce da sauran nisa, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

BARI MU YI LISSAFI

Shekara 99 tana da tsawo a kunne, amma ku ƙidaya. Takardar da aka bayar a 1978 za ta cika a 2077. Wadda aka bayar shekarar da aka yi jiha, 1991, za ta cika a 2090. Yaron da aka raɗa wa suna a 2025 zai kasance ɗan shekara 65 a ranar, watau dattijo mai 'ya'ya da jikoki a cikin gidan, ƙarfinsa ya ƙare, ba shi da halin sake gini. In kuwa takardar shago ce ko ta injin casar shinkafa aka ba ta shekara 40 a 1991, to 2031 za ta cika, wannan kuwa ba maganar jikoki ba ce, tamu ce. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Sa'an nan ga abin da masu saye ba su lura da shi ba. In ka sayi gida mai satifiket, ba a sake maka lissafi daga farko. Ragowar shekarun mai sayarwa ka saya. Wanda ya sayi gidan 1991 a 2025 shekara 65 ya saya, ba 99 ba, ko da kuwa dillali bai faɗa masa ba. Wanda zai saya daga hannunsa bayan shekara 30, 35 zai samu. Kullum gini yana tsufa, takarda tana gajarta. In ta gajarta sosai, banki zai yi ƙyamar karɓarta jingina, mai saye zai karya kuɗi, magada kuma za su raba abin da darajarsa ke zubewa kamar ruwa a kwando.

ABIN DA YA SAMI WAƊANSU ƘASASHE

Kada ku zaci tsoro muke ba ku da abin da ba a taɓa gani ba. Su Turawan da suka kawo mana wannan al'ada sun sha ɗacinta a gidansu. A Ingila da yankin Wels, masu manyan filaye sun ba mutane hayar shekara 99 a ƙarni na 19, mutane suka gina gidaje da guminsu, da yawansu leburorin haƙar kwal ne. Da aka shiga shekarun 1950 da 1960 wa'adi ya fara cika, sai tsofaffi suka ga gidan da kakansu ya gina zai koma hannun mai fili, da bango da rufi. Kuka ya yi yawa har Majalisarsu ta yi doka a 1967, ta ba mai gida ikon ya sayi filin ko ya ƙara shekara 50, ko mai fili ya so ko bai so ba.

Waɗanda ke zaune a manyan benaye, inda kowane iyali ke da sashensa, sai a 1993 aka yi musu tasu dokar. Ta ce mai sashe yana da ikon a ƙara masa shekara 90 a kan ragowar da yake da ita, kuɗin hayar ƙasa kuma a mai da shi ƙwayar masoro ɗaya, watau ba kome ke nan. Zai biya mai fili kuɗi sau ɗaya, in sun kasa daidaitawa a kan yawansa akwai kotun da za ta yanke. Amma daga baya aka sami wani tarko: wanda ya yi sakaci har ragowar shekarunsa ta gaza 80, sai kuɗin ya yi tsalle, domin zai ba mai fili rabin ƙarin darajar da gidan zai samu. Mutane da yawa sun faɗa wannan rami don rashin sani. A 2022 suka hana sa kuɗin hayar ƙasa a kan sababbin gidaje. A 2024 suka sake yin doka wadda ta kai ƙarin zuwa shekara 990, ta kuma nufi kawar da tarkon nan na shekara 80, ko da yake ba dukan sassanta suka fara aiki nan take ba. Ku duba, daga 1967 zuwa 2024 shekara 57 suna gyaran ɓarna ɗaya.

A ƙasar Sin ma filin birni na Gwamnati ne, shekara 70 ake ba mai gidan zama. A 2007 suka rubuta cikin doka cewa in wa'adi ya cika, takardar gidan zama za ta sabunta da kanta. Duk da haka a 2016, a wani gari mai suna Wenzhou, waɗansu masu takardun shekara 20 suka je sayar da gidajensu aka ce sai sun biya kuɗi mai yawa, domin dokar ba ta faɗi maganar kuɗi ba. Sai da hukumar ƙasa ta sa baki ta ce kada a karɓi kome tukuna. Ko manyan dauloli ba su tsira ba: Ingila ta karɓi hayar yankin da ke bayan Hong Kong na shekara 99 a 1898, ran 1 ga Yuli 1997 ta tattara tutarta ta fita. In daular da ta ci Sakkwato ba ta iya tsayar da wa'adi ba, ina ga mai gida a Kalgo?

Darasin ɗaya ne. Inda aka rubuta haƙƙin sabuntawa da kuɗinsa a cikin doka, talaka ya kwana da ido biyu rufe. Inda aka bar shi ga alheri, mai ƙarfi ne ke cin riba.

WA'ADI YANA IYA YANKEWA TUN BAI CIKA BA

Kafin ma a kai ga 2090 akwai ramuka uku a hanya. Na fari, kuɗin hayar ƙasa na shekara-shekara da aka rubuta a jikin satifiket. Mutane da yawa ba su san da shi ba, ba a kuwa aiko musu da takardar tuni. Sashe na 28 ya ba Gwamna ikon soke takarda in an saɓa sharaɗinta. A watan Maris na 2025 hukumar Abuja ta ba da sanarwar soke takardun filaye 4,794 saboda masu su sun haura shekara 10 ba su biya ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Na biyu, sayarwa ko jingina ba da izini ba. Sashe na 22 ya ce sai da yardar Gwamna, sashe na 21 ya ce filin karkara sai da yardar Ƙaramar Hukuma, sashe na 26 kuwa ya ce cinikin da aka yi ba haka ba banza ne. A 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta ce wannan ya hau har kan wanda ya mallaki gidansa tun kafin dokar. Takardar ciniki da mai unguwa da hakimi suka sa wa hannu tana da amfani ƙwarai wajen shaida, amma ita kaɗai ba ta mai da sunanka cikin littafin Gwamnati ba.

Na uku, karɓe fili don aikin jama'a. Ba mu ƙi a yi hanya ko makaranta ko asibiti ba. Amma sashe na 29 ya ce diyya ta gini ce da shuka da abin da aka kashe a kan fili. Ita ƙasar kanta, abin da za a mayar maka shi ne kuɗin hayar da ka biya a shekarar nan kaɗai. Manomin da aka karɓe gonar kakansa da rani, bayan ya girbe gero, me za a ƙidaya masa? Kara da itacen gawo biyu.

ABIN DA MUKE NEMA GA HUKUMA

In an yi maganar gyara sai a ce dokar tana cikin Tsarin Mulki. Haka ne. Sashe na 315 na Tsarin Mulkin 1999 ya kulle ta, ba a taɓa ta sai da kashi biyu cikin uku na kowace Majalisar Tarayya, da amincewar Majalisun jihohi 24 cikin 36. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya gwada a 2009, ya kafa kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, ya kuma aika wa Majalisa da ƙudurin gyara, amma har Allah ya karɓi ransa a 2010 ba a gyara ba.

To, amma wannan ba hujja ba ce ga Gwamnatin jiha ta naɗe hannu. Sashe na 8 ɗin nan da ya ce a yanka wa'adi, shi ne kuma ya ba Gwamna ikon ƙulla sharuɗɗa da wanda ya ba fili. Abin da alƙalami ya ɗaure, alƙalami yana iya sassautawa. Saboda haka ga buƙatunmu, kuma muna so wakilanmu na Majalisar Dokoki a Birnin Kebbi su ji.

A rubuta a jikin kowace takardar gidan zama cewa in wa'adi ya cika, mai gida ko magajinsa yana da haƙƙin sabuntawa muddin ya biya abin da ke kansa, a kuma cire sharaɗin miƙa gini. A buga kuɗin sabuntawa a fili, a lissafa shi a kan ƙasa kaɗai, kada a sa mutum ya sake sayen ginin da ubansa ya yi. A aika wa mai takarda sanarwa tun da sauran shekaru, da Hausar boko da ta ajami, a kuma faɗa a rediyo. Wanda ya zo da shaidar gado tun kafin 1978, a rubuta asalin haƙƙinsa a jikin takardarsa. A buɗe teburin filaye a sakatariyar Gwandu da ta Kalgo, don kada tsoho ya ƙare kuɗinsa a mota yana zarya zuwa hedkwata. Ba kuwa a soke takardar kowa don bashin hayar ƙasa sai an kai masa sanarwa hannu da hannu, an ba shi lokacin biya.

Ba mu roƙi kyauta ba. Dokar da kanta ta ce amana aka ba Gwamna, mai riƙon amana kuwa ba ya zama magajin mai kaya.

ABIN DA KE KANMU

Kafin hukuma ta motsa, mu ma akwai namu aiki, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kowa ya san ranar da takardarsa ta fara da ranar da za ta cika, ya faɗa wa babban ɗansa da babbar 'yarsa. Mai bashin hayar ƙasa ya je Ma'aikatar Filaye ya tambayi abin da ke kansa, ya biya ta hanyar da hukuma ta tsara, ya karɓi rasit ya adana. Wanda takardarsa ta kasuwanci ce, shekarunta kuma sun yi ƙasa, ya rubuta takardar neman sabuntawa tun yanzu, ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Mai niyyar saye, kafin ya ƙirga kuɗi ya tambayi shekara nawa suka rage, ya je ofis a duba masa ko sunan mai sayarwa ne a littafi, ya kuma karya farashi gwargwadon abin da ya rage.

Masu gidajen gado da gonakin gado, ku tara dattawan da suka san iyaka tun suna da rai, a rubuta, mai unguwa da hakimi da uban ƙasa su shaida. In an raba gado a gaban alƙali, ku karɓi takardar rabo. Muna kuma jan kunnen 'yan'uwa maza: in za a yi satifiket a kan gidan da ba a raba ba, kada babban wa ya sa sunansa shi kaɗai. Bayan shekara 30, in shaidu sun mutu, takarda za ta ce nasa ne, 'ya'yan ƙannensa mata da marayun gidan su tashi a tutar babu. Zaluncin da muke kuka da shi daga sama, kada mu yi wa juna shi a cikin gida.

Daga ƙarshe, duk mai neman ƙuri'arku, ko daga wace jam'iyya ya fito, in ya zo ƙofar gidanku ku tambaye shi abin da zai yi game da ranar da takardar gidan nan za ta cika. In ya ce da sauran lokaci, ku nuna masa ƙaramin yaron da ke wasa a zaure, ku ce masa lokacin wannan ne ake magana.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, za mu amsa gwargwadon iko. Allah ya bar kowa a gidansa, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gida lafiya.